Yadda Ake Kama Gurbin Zango Tun Da Wuri Ga Mai Tafiya Da Mota Mai Ɗaki A Amurka

A Amurka da Kanada akwai wata al'adar tafiya da ta samu gindin zama, wato iyali su ɗauki mota mai ɗaki a cikinta, wadda suke kira RV, mai gado da madafa da banɗaki, su kama hanya na mako ɗaya ko biyu suna yada zango a gandayen daji da bakin tafkuna. Wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya ba yakan ɗauka cewa tunda ɗakin kwanansa yana tare da shi, duk inda dare ya riske shi nan ne masauki. Ba haka abin yake ba. A manyan gandayen daji na ƙasa irin su Yellowstone da Yosemite da Grand Canyon, doka ta hana kwana cikin mota a gefen titi ko a filin ajiye motoci, sai dai a zangon da hukuma ta keɓe, kuma kowane zango an yanka shi gurbi-gurbi da lamba, ana kama su ta intanet watanni kafin ranar zuwa. Gurbin da ake rububinsa a watan Yuli yakan ƙare cikin 'yan mintoci a ranar da aka buɗe shi a watan Janairu. Don haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara kama daren da ya fi wuyar samu, sannan a gina sauran tafiyar a kansa, har da tikitin jirgi da ranakun hutun aiki.

Kafin a buɗe kowane shafi na intanet, abu na farko shi ne sanin girman motar, domin shi ne zai nuna inda za a iya shiga da inda ba za a iya ba. A can da ƙafa ake awo, kuma ƙafa 30 ta yi daidai da mita 9 da 'yan kai. Mai motar kansa ya ɗauki tef ya auna ta daga goshi har zuwa ƙarshen duk abin da ke maƙale a bayanta, ko tsani ne, ko tayar safaya, ko marikin kekuna, kada ya dogara da lambar da ke rubuce a jikin motar, domin sau da yawa ba ita ce ainihin tsawonta ba. Idan tirela ce ake ja da a-kori-kura, sai a riƙe awo uku a rubuce: tsawon tirelar, tsawon motar da ke janta, da tsawonsu a haɗe. A auna tsayi daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, sannan a auna faɗi bayan an fitar da sassan nan da ke turowa waje daga gefen motar don faɗaɗa falo, domin gurbi yana iya isa ta tsawo amma wata bishiya ko sandar wuta ta hana a buɗe gefen. Mai haya kuma ya tsayar da girman da zai ɗauka tun yanzu, ko da bai biya ba tukuna. Kamfanin Cruise America, alal misali, yana da mai ƙafa 25 da mai ƙafa 30, kuma bambancin ƙafa biyar ɗin nan ba ƙarami ba ne idan aka zo neman wuri.

Dalili kuwa shi ne yawancin zangunan gwamnati an gina su ne tun zamanin da motocin ba su kai girman na yau ba. Zangon Mather da ke Grand Canyon ba ya karɓar abin da ya wuce ƙafa 30. A kwarin Yosemite iyakar ita ce ƙafa 40 ga mota, 35 ga tirela, amma guraben da suka kai wannan tsawo 'yan kaɗan ne, su ne kuma ke fara ƙarewa. Hanyoyin ma suna da nasu sharaɗin: a gandun Glacier da ke jihar Montana, motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi ba ta da izinin bin tsakiyar hanyar Going-to-the-Sun, wadda ita ce ke jawo mutane gandun tun farko. A ganina, iyalin da za su iya matsuwa cikin mota mai ƙafa 25 sun fi mai babbar mota samun zaɓi nesa ba kusa ba, ko da kuwa za su ɗan takura da dare. Sai kuma a lura da adadin mutane, domin a yawancin gandayen ƙasa mutum shida ne iyakar gurbi ɗaya, har da yara ƙanana, wanda hakan ke nufin iyali mai mutum takwas ko tara sai sun nemi gurbi biyu, kuma samun biyu maƙwabtan juna a wuri mai rububi sa'a ce.

Abu na biyu shi ne a tantance abin da ake bukata a gurbin. Akwai gurbin da aka ja masa wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta gaba ɗaya, akwai mai wuta da ruwa, akwai mai wuta kaɗai, akwai kuma wanda ba shi da komai sai teburi da murhu. Wutar iri biyu ce, mai amfiya 30 da mai amfiya 50, kuma bakin soket ɗinsu ya bambanta. Mai 30 tana ba da wat 3,600, wanda ya isa na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya da firji da fitilu, mai 50 kuma tana kai wat 12,000, ita ce manyan motoci masu na'urar sanyi biyu ke nema. Akwai ɗan mahaɗi da ake saya don a jona babbar mota a ƙaramin soket, amma ba ya ƙara ƙarfin wutar, sai dai a rage abin da ake kunnawa. Wanda ya taho da tukunyar lantarki ko dutsen guga daga gida ya tuna cewa wutar Amurka bolt 120 ce, ba 230 irin ta Najeriya da Nijar ba.

Batun ruwa ya fi na wuta muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Inda babu bututu, tsawon zaman da za a iya yi ya dogara ne da ranar da na farko zai ƙare ko na biyu da na uku su cika. Iyalin da ke tsarki da ruwa, suna alwala sau biyar a yini, za su riga lissafin da kamfanin haya ya ba su cika tankunan, don haka gara a riƙa alwala a waje da buta daga famfon zango, a kuma yi amfani da banɗakin zangon da rana. Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne a yi kwana biyu ko uku a cikin gandun daji inda babu komai, sannan a sa kwana ɗaya a zango mai cikakken haɗi, wato mai wuta da ruwa da bututu, don a zubar da tankuna, a cika ruwa, a caja batir, a yi wanki. Wannan lissafin tun a takarda ake yin sa, kafin a kama ko da gurbi ɗaya. Yanayin wurin ma yana shiga ciki: a hamadar Arizona da kudancin Utah a watan Yuli, gurbi marar wuta azaba ne domin na'urar sanyi ba ta tashi da batir, janareta kuma yana da sa'o'in da aka yarda a kunna shi, alhali a Yellowstone, da ke kan tudu, sanyin dare ne abin tanadi ko a tsakiyar bazara.

Abu na uku, a gano mai zangon, domin kowane yana da nasa shafin da nasa kalandar. Zangunan gwamnatin tarayya, ko na hukumar gandayen ƙasa ne, ko na hukumar dazuzzuka, ko na rundunar injiniyoyin soja masu kula da madatsun ruwa, kusan duk a shafin Recreation.gov ake kama su. Amma a cikin gandu ɗaya ana iya samun zangon da aka ba wani kamfani kwangilar gudanarwa, shi kuma ba a shafin gwamnati yake ba, kuma nan ne sabon shiga ke ruɗewa. A Yellowstone, a shekarar 2025, zangunan Madison da Canyon da Grant Village da Bridge Bay da Fishing Bridge suna hannun kamfanin Yellowstone National Park Lodges, wanda ke buɗe rajista kimanin wata 13 kafin lokaci, sauran kuma irin su Mammoth suna Recreation.gov. Fishing Bridge ne kaɗai a duk gandun ke da wuta da ruwa da magudana, kuma ba ya karɓar tanti ko tirela mai bangon tamfol saboda manyan dabbobin beyar da ke yawo a yankin. A Grand Canyon, Trailer Village ne ke da cikakken haɗi, shi ma a hannun kamfani yake. A Yosemite kuwa babu zango ko ɗaya mai wuta ko bututu, sai wuraren zubar da tanki irin na zangon Upper Pines.

Jihohi suna da nasu gandayen da nasu dokokin. Kalifoniya tana buɗewa wata shida kafin rana a shafin ReserveCalifornia, Texas wata biyar, Fulorida kuma tun 2024 ta fifita 'yan jiha, suna kamawa wata 11 kafin lokaci, baƙi wata 10. Sai zanguna masu zaman kansu, waɗanda mafi shahararsu su ne na kamfanin KOA, da aka kafa a 1962 a garin Billings na Montana, yana da rassa fiye da 500 a Amurka da Kanada. Sun fi tsada, guraben ma sukan fi matsuwa da juna, amma suna da wuta da ruwa da injin wanki, kuma su ne madogara idan na gwamnati ya kuɓuce.

Abu na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, a lissafa rana da sa'ar buɗewa. A yawancin zangunan Recreation.gov ana sakin gurabe ne kullum, wata shida daidai kafin ranar isowa, da ƙarfe 10 na safe agogon gabashin Amurka, wato 7 na safe agogon Kalifoniya. Mai son isa ranar 10 ga Yuli sai ya zauna gaban kwamfuta ranar 10 ga Janairu. Idan daga Kano ko Maraɗi zai kama, lokacin ya zo daidai da ƙarfe 4 na yamma, a Kumasi kuma ƙarfe 3, sai dai daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba Amurka tana matsar da agogonta gaba da sa'a ɗaya, sai lokacin ya koma ƙarfe 3 a Kano. Wanda ya manta da wannan canjin zai iso bayan an watse. Yosemite tana da nata tsarin dabam ga manyan zangunanta: ranar 15 ga kowane wata take sakin guraben wata guda cur a lokaci ɗaya, ta yadda kwanakin 15 ga Yuni zuwa 14 ga Yuli a bisa al'ada ranar 15 ga Fabrairu ake buɗe su. Kowane zango yana rubuta nasa jadawalin a shafinsa, wasu ma suna ajiye wani kaso sai saura mako biyu ko 'yan kwanaki, saboda haka a karanta na wurin da ake so, kada a yi ƙiyasi da na wani.

Akwai wata dabara a cikin wannan tsari da ya kamata a fahimta, ko da ba za a yi amfani da ita ba. Ranar isowa ce ake lissafa wata shidan da ita, ba ranar tashi ba. Wanda ya kama gurbi daga 1 ga Yuli na kwana biyar ya riga ya haɗa da daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, kwana uku kafin a buɗe ranar ga wanda ita kaɗai yake nema. Shi ya sa mutum zai shiga a kan lokaci ya tarar da daren Juma'a da Asabar duk an kwashe. Maganin shi ne a tsara isowa ranar Lahadi ko Litinin ko Talata, a zarce har ƙarshen mako idan ana so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kama kwanakin da aka san ba za a kwana ba don kawai a riga wasu, a bar gurbi fanko alhali wani iyali yana neman wurin kwana, kuma wasu zangunan suna soke rajistar gaba ɗaya idan ba a bayyana a farkon zaman ba. Lokuta uku ne suka fi cunkoso: ƙarshen makon Litinin ta ƙarshe a Mayu, makon 4 ga Yuli, da ƙarshen makon Litinin ta farko a Satumba. Mai damar tafiya a tsakiyar Satumba, bayan yara sun koma makaranta, ya huta da rabin wannan wahala, muddin ya duba ranar rufe zangon, domin na kan tudu da yawa suna rufewa da wuri saboda dusar ƙanƙara.

Kwana biyu ko uku kafin ranar buɗewa sai a yi shiri irin na mai shiga jarrabawa. A buɗe asusu a shafin, a tabbatar da adireshin imel, a shigar da bayanan motar. A tabbata katin banki yana iya biya da dala kuma bai kai iyakarsa ba, domin katin da ya ƙi wucewa a wannan lokaci yana nufin asarar gurbin. Mai shakkar katinsa ya nemi ɗan'uwa a can ya biya, amma da sunan wanda zai kwana, saboda ana iya neman katin shaida a ƙofa. Sai a buɗe taswirar zangon a zaɓi gurabe huɗu ko biyar bi da bi, a rubuta lambobinsu. A nan ne ake ɓata lokaci a karanta bayanin kowane gurbi: tsawon wurin fakin, ko wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ne ko sai an yi ribas, ko ƙasar a miƙe take ko tana da gangara, ko akwai inuwa, da nisansa daga famfo da banɗaki. Wanda bai taɓa yin ribas da doguwar mota ba ya nemi mai shiga ta gaba ko da zai ƙara kuɗi. Gangara kuma ba batun jin daɗin barci kaɗai ba ne, firjin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe yana aiki a karkace. Hotunan da ke shafin da hoton tauraron ɗan'adam na taswirar Google suna nuna abin da rubutun bai faɗa ba, kamar kaifin kwanar shiga ko rassan da suka sauko ƙasa.

Ranar buɗewa a shiga asusun da saura minti goma, a zaɓi kwanakin a kan gurbin farko, a ajiye agogo mai nuna daƙiƙa a gefe, a danna da zarar sa'ar ta buga. Idan gurbin ya shiga kwando, wato jerin abin da aka zaɓa ba a biya ba tukuna, shafin yana riƙe shi na minti 15, wanda ya isa a kammala biya cikin natsuwa. Idan an riga ka, kada ka tsaya jimami, ka wuce lamba ta biyu nan take. Kada kuma a rufe shafin da wuri: bayan minti 15 zuwa 20 wasu guraben sukan dawo daga kwandon waɗanda ba su biya ba, kuma mutane da yawa ta nan suke samu. Idan mutum biyu ne a gida, kowa ya riƙe na'urarsa da nasa asusun yana neman gurbi dabam, wanda ya fara samu ya sanar da ɗayan.

Da zarar daren nan mai wuya ya shiga hannu, sai a cike sauran kwanakin gaba da baya. Kada a yi lissafin tuƙi da ma'aunin ƙaramar mota, domin mai ɗaki ba ta gudu, tana shan mai, hawan tudu kuma yana cin lokaci. Kilomita 300 zuwa 400 a yini ya wadatar, a kuma nufi isa zango da sauran rana. Daren farko da na ƙarshe a sa su kusa da wurin karɓar motar da mayar da ita, a zangon da ke da wurin zubar da tanki, domin kamfanonin haya suna cajin wanda ya dawo da tanki cike.

Wanda bai samu komai ba kada ya fid da rai, domin mutanen da suka kama tun Janairu da dama shirinsu yakan canza. Recreation.gov yana da hanyar sanar da mutum idan gurbi ya buɗe a kwanakin da ya zaɓa, akwai kuma shafuka irin su Campnab da ke wannan aiki da kuɗi. Sokewa ta fi yawa a mako biyu na ƙarshe, kuma sanarwar tana zuwa wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, sai mai hanzari. Kafin nan a kama wani wuri a wajen gandun a matsayin madadi, ko zangon hukumar dazuzzuka ko na 'yan kasuwa a garuruwan da ke bakin ƙofar gandun irin su West Yellowstone, wanda sharaɗin sokewarsa mai sauƙi ne. A yammacin ƙasar akwai kuma filayen gwamnati da ake kwana kyauta ba tare da rajista ba, galibi har kwana 14, amma babu ruwa babu wuta, hanyoyinsu na ƙasa ne, kuma ba kowane kamfanin haya ne ke yarda a kai motarsa can ba.

Sharaɗin sokewa ya cancanci a karanta shi kafin a biya. A Recreation.gov sokewa tana cin dala 10, idan kuma sai ana gobe ko ranar isowa aka soke, kuɗin daren farko ya tafi tare da ita. Wanda bai zo ba bai kuma soke ba har lokacin tashi na washegari, za a cire masa dala 20 da kuɗin daren farko, a kuma saki gurbin. Kuɗin zango dabam yake da kuɗin shiga gandu: katin shekara mai suna America the Beautiful yana biyan shiga ne kawai, ba ya biyan kwana. Farashinsa dala 80 ne ga mazauna Amurka, kuma daga Janairun 2026 aka ɗaga shi zuwa dala 250 ga wanda ba mazauni ba, don haka baƙo ya sa wannan a kasafinsa.

Saura mako guda a tashi, a koma shafin gandun a duba sanarwa, domin gobarar daji ko gyaran hanya ko ambaliya suna iya rufe zango, kuma a lokacin fari akan hana hura wuta a murhu. A buga takardar shaidar kowane gurbi ko a sauke ta a waya tare da taswira, saboda a cikin yawancin gandayen babu sabis. Itacen wuta a saye shi a inda za a ƙona shi, jihohi da dama sun hana ɗauko shi daga nesa don gudun yaɗa ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Idan hanya ta yi tsawo aka ga dare zai yi, a kira ofishin zangon tun ana da sabis a sanar da su. Yawanci sukan liƙa sunan mai zuwa a makare da lambar gurbinsa a allon ƙofa, sai ya shiga a hankali, ya sauke mutum ɗaya da tocila ya tsaya a bayan motar yana yi masa jagora, ya bar janareta a kashe tunda lokacin shiru a mafi yawan zanguna yana farawa ne daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, da gari ya waye kuma ya je ofis ya nuna takardarsa.